Aikin aji da aikin gida a darasin Turanci: amsoshin tambayoyin ɗaliban sakandare da iyayensu

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban babbar sakandare, daga SS1 zuwa SS3, da kuma iyayensu, game da insha'i da sauran ayyukan da malamin Turanci yake bayarwa. Na amsa su ne a matsayina na mai koyar da darasin, ina kuma duban makarantun Arewacin Najeriya, inda yaro yake tashi da Hausa a gida da kasuwa da Islamiyya, Turanci kuwa sai ya shiga aji yake haɗuwa da shi.

Malam, tunda jarrabawa ce take fitar da mutum, mene ne amfanin wahalar da kai a kan aikin gida?

Da farko dai aikin gida yana da maki. A makarantu da yawa ana ware maki 30 ko 40 cikin 100 na kowane zango domin gwaji da aikin aji da jinga, ragowar kuma na jarrabawar ƙarshen zango ne. Ita ma WAEC, hukumar jarrabawar kammala sakandare ta Afirka ta Yamma, ga ɗaliban da suka zauna ta ta hannun makaranta, tana ɗaukar kashi 30 na sakamako daga makin da makaranta ta tara wa ɗalibi, kashi 70 daga abin da ya rubuta ranar jarrabawa.

Amma ba makin ne ya fi damuna ba, ɗana. Darasi ɗaya minti 40 ne a yawancin makarantu. Kafin a kira suna, a goge allo, malam ya yi bayani, an kaɗa ƙararrawa. Babu ta yadda za a yi ka zauna ka rubuta cikakken insha'i a cikin wannan lokaci har a duba maka. Saboda haka a gida ake koyon rubutu, aji wurin nuna hanya ne kawai. Ɗalibin da ya yi shekara uku yana kwafar bayani daga allo bai taɓa haɗa shafi biyu da kansa ba, ranar jarrabawa ce za ta zama ranarsa ta farko ta rubutu, kuma wannan rana ba ta koyo ba ce.

Me jarrabawar Turanci ta WAEC take ƙunsa?

Takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓen amsa a kan nahawu da ma'anar kalmomi, ana yin ta cikin awa ɗaya. Ta biyu ita ce babba, awa biyu, maki 100: insha'i maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaitawa maki 30. Ta uku tambayoyi 60 ne a kan furuci, cikin minti 45. NECO, hukumar Najeriya da ita ma take shirya jarrabawar kammala sakandare, wadda aka kafa a 1999 kuma hedikwatarta ke Minna, tana bin tsari mai kama da wannan. Sakamako yana tashi daga A1 ya sauka zuwa F9, kuma sai daga C6 zuwa sama ake cewa mutum ya sami kiredit. Ba a shiga jami'a babu kiredit a Turanci, ko likitanci mutum zai karanta ko Hausa. JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ita ma ta wajabta Turanci a kan kowa, da tambayoyi 60, alhali sauran darussa uku 40 ne kowanne.

Idan ka lura, duk aikin da malaminka yake ba ka yana faɗawa cikin ɗaya daga waɗannan sassa. Ba don ya cika maka lokaci yake yi ba.

Yaya ake raba makin insha'i? Ina cika shafi biyu amma in ga 18 cikin 50.

Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta, domin ɗalibai da yawa suna zaton tsawo ake dubawa. Gida huɗu ake raba makin.

Maki 10 na ƙunshiya ne, wato ko ka amsa abin da aka tambaya. In an ce ka kawo dalilai uku da suka sa kasuwar garinku ke buƙatar gyara, sai ka kawo biyu, ko ka jero uku ba ka faɗaɗa ko ɗaya ba, ka yi asara a nan. Maki 10 na tsari ne: buɗewa, sakin layi, yadda wannan batu ya kai ga na gaba, rufewa, da kuma siffar abin da aka ce ka rubuta, wasiƙa ce ko jawabi ko maƙala. Maki 20, wato kaso mafi tsoka, na iya sarrafa harshe ne: kalmar da ta dace da wurin, jimloli masu tsawo da gajeru a gauraye, da harshen da ya dace da wanda ake yi wa rubutun. Yadda za ka rubuta wa abokinka daban, yadda za ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma daban.

Goman ƙarshe na tsabtar rubutu ne, kuma nan ne yaranmu suka fi zubar da maki. Kowane kuskure na nahawu, ko na haɗa baƙaƙen kalma, ko na aya da waƙafi, ko ƙaramin baƙi a inda ya kamata a sa babba, rabin maki ake cirewa. Kuskure 20 ke nan sun cinye goman gaba ɗaya. Yaro yakan yi ashirin ɗin nan tun bai gama shafin farko ba, kuma yawancinsu abu ɗaya ne yake ta maimaitawa: fara jimla da ƙaramin baƙi, rubuta wakilin sunan nan “I” da ƙaramin baƙi, manta “s” a ƙarshen aikatau bayan “he” ko “she”, fara labari da lokacin da ya wuce sannan a tsakiya a koma lokaci mai ci. Abin da yake ba ni takaici, kuma yake ba ni fata a lokaci guda, shi ne waɗannan kurakurai ba sa buƙatar wata baiwa kafin a rabu da su. Lura kawai suke so. Ɗalibin da ya gano kurakuransa uku da ya fi yi, ya riƙa farautarsu kafin ya miƙa aiki, zai ga bambanci a cikin zango ɗaya.

Dole ne sai na kai kalma 450?

Dole ne, domin shi ne mafi ƙarancin abin da aka nema, kuma wanda ya gaza ana rage masa maki. Kada ka tsaya ƙirga kalma ɗaya-ɗaya. Ƙirga na layi uku a littafinka ka ga nawa kake sawa a layi. In tara ne, layi 50 ya kai ka. Wuce gona da iri ma ba riba ba ne, don yawan rubutu yawan kuskure ne, ga taƙaitawa tana jiran lokacinta.

Wane irin insha'i ya fi sauƙi in zaɓa?

Tambaya biyar ake bayarwa a zaɓi ɗaya, kuma sukan fito daga cikin wasiƙa, jawabi, muhawara, maƙala, rahoto, bayani, siffantawa da labari. Babu mai sauƙi ga kowa da kowa. Akwai dai wanda ka fi sabawa da shi, shi ya sa nake so kowane ɗalibi ya gwada dukkansu a SS1 da SS2, sannan a SS3 ya riƙe biyu ko uku ya ƙware.

Wasiƙa tana da daɗin sha'ani domin siffarta a fili take. Ta hukuma adireshi biyu gare ta, naka a sama ta dama da kwanan wata, na wanda kake rubuta wa ta hagu, sai gaisuwa, sai kanun magana, a rufe da “Yours faithfully,” da sa hannu da cikakken suna. Ba a tambayar lafiyar iyali a cikinta, ko da yake a al'adarmu shiga magana babu gaisuwa rashin ladabi ne. A wannan wasiƙa ladabi shi ne ka tafi kai tsaye ga abin da ya kawo ka. Ta zumunci kuwa adireshi ɗaya ne, da sunanka na farko kawai a ƙarshe, kuma nan ne ake so a ji ɗumin dangantaka: tambayi jikin kaka, ambaci wani abu da ku biyu kuka sani. Muhawara tana so ka gaida shugaban zama da alƙalai da mai kula da lokaci, ka faɗi ɓangaren da ka ɗauka, ka tsaya a kansa har ƙarshe. Maƙala tana son kanu da sunan marubuci, ba adireshi.

Da Hausa nake tunani sannan in juya zuwa Turanci. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, 'yata, kuma kada wani ya sa ki ji kunyar haka. Tsarin da aka daɗe ana bi a ƙasar nan a baya shi ne a koyar da yaro da harshen wurinsu a shekaru ukun farko na firamare, Turanci ya karɓa daga aji huɗu, kuma a makarantu da dama Hausar ce take ci gaba da ɗaukar nauyin bayani har sakandare. Wadda ta iya tsara magana da Hausa, ta san inda za ta fara da inda za ta dire, ta riga ta mallaki rabin insha'i. Ki tsara dalilanki da Hausa a zuci ko a gefen takarda, babu komai.

Inda matsala take shi ne juya jimla kalma bayan kalma. Mu muna shan magani, muna jin wari, muna shiga mota, in za mu fita mu ce muna zuwa. Turanci yana cewa “take medicine”, ba “drink medicine” ba, kuma ba ya amfani da “hear” ga wari. Hausa tana raba kowane abu zuwa namiji ko mace, shi ya sa za ki ga ɗaliba ta kira mota “she”, alhali “it” ake so. Sai ƙananan kalmomin nan “a” da “the”, waɗanda Hausa take biyan buƙatarsu ta wata hanya dabam, don haka hannunmu yakan tsallake su. Shawarata ita ce ki ware shafukan ƙarshe na littafinki, duk lokacin da malam ya ja layi a ƙarƙashin irin wannan, ki rubuta daidai ɗinsa a cikin cikakkiyar jimla. Kada ki haddace kalma ita kaɗai; ki haddace ta tare da abokan tafiyarta.

Wani yayanmu ya ba ni insha'i guda biyar ya ce in haddace, ɗaya zai fito. In yi?

Kada ka yi. Masu duba takardu malamai ne, kuma haddataccen insha'i ba ya ɓoyuwa: sakin layi na farko Turanci mai santsi, inda hadda ta ƙare kuma sai rubutu ya rushe. In abin da ka zuba bai dace da tambayar ba, makin ƙunshiya ya tafi, sauran ma su bi shi. Mun saba da hadda tun daga makarantar allo, kuma baiwa ce babba. Yi amfani da ita wajen riƙe siffar wasiƙa, da sauye-sauyen aikatau irin su “go, went, gone”, da kalmomin haɗa zance. Insha'in kansa kuwa sai dai ka gina shi a wurin.

To in na sa ChatGPT ya rubuta mini aikin gida fa? Ai Turancinsa ya fi nawa.

Ya fi naka, gaskiya ne, kuma dalilin da ya sa ba zai amfane ka ba ke nan. Tun da wannan manhaja ta fito a ƙarshen 2022 malamai suke karɓar ayyuka masu tsabta waɗanda masu su ba za su iya karanta su a bayyane ba, balle su faɗi ma'anar kalmomin ciki. Malam yana ba da jinga ne don ya ga inda kake tuntuɓe ya ɗaga ka. In ka kawo masa aikin da babu tuntuɓe a ciki, ka rufe masa ido, zai wuce ka yana zaton ka iya. Haka abin yake ga wanda ya karɓi littafin abokinsa da sassafe ya kwafe kafin a shiga aji.

Ga wanda yake da waya, akwai hanyar da ba ta cutarwa. Rubuta naka da hannunka tukuna, ka gama. Sannan ka nemi a nuna maka kurakuran nahawu a yi maka bayanin dalili, kai kuma ka gyara da kanka. Ka tambayi malaminka ko ya yarda da haka, kuma kada ka ɗauka duk abin da na'ura ta faɗa daidai ne, tana kuskure. Ka tuna kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, satar amsa laifi ne a ƙarƙashin dokar ƙasa ta 1999, kuma hukumar jarrabawa tana iya soke sakamakon mutum gaba ɗaya.

An ce mu rubuta ƙagaggen labari, ni kuwa ban san abin da zan rubuta ba. Babu abin da ya taɓa faruwa da ni.

Wannan ita ce maganar da ta fi taɓa ni a duk cikin tambayoyin nan, domin ba gaskiya ba ce, kuma yaro ya yarda da ita ne saboda yana zaton labarin Turanci sai da jirgin sama da dusar ƙanƙara da mutane masu sunayen Ingila. Sai ka ga ɗan Gumel ko Funtuwa yana rubuta labarin wani attajiri a Landan, garin da bai taɓa gani ba, labarin ya fito fayau babu gishiri. Alhali shi ne ya san yadda layin awo yake a injin niƙa ranar jajibirin salla, ya san abin da ke faruwa a gida ranar da akuyar da ake kiwo don kuɗin makaranta ta ɓata, ya san zaman jiran direba ya cika mota a tasha, ya san daren da ruwa ya yi gyara katangar maƙwabta ta faɗi. Mai duba takarda ya karanta labarin haɗarin mota da na ɗan fashin da ya tuba har ya gaji. Bai karanta naka ba.

Ga yadda nake so a fara. Ɗauki mutum ɗaya, ka ba shi abu ɗaya da yake so ƙwarai, ka sa wani abu ya tare masa hanya. Yarinya tana so ta kai kuɗin adashin mahaifiyarta, ta duba ɗaurin zaninta ta ga babu. Shi ke nan labari ya tashi. Me za ta yi? Wa za ta fara tunkara? Kalma 450 ba ta ɗaukar tarihin rayuwa daga haihuwa zuwa aure, don haka ka tsaya a yini ɗaya, ko ma awa ɗaya, da mutum biyu ko uku. Maimakon ka ce ta tsorata, nuna mana tana sake kwance ɗaurin tana karkaɗe zanin. Sa mutanenka su yi magana, kowane mai magana da sabon layi da alamar zance. Riƙe lokacin da ya wuce daga farko har ƙarshe.

WAEC takan ce a rubuta labarin da zai ƙare da wata jimla, ko wanda zai fito da ma'anar wani karin magana na Turanci. A nan sai ka tabbata ka fahimci karin maganar kafin ka zaɓa; in kana shakka, ɗauki wata tambayar. In ka fahimta, fara tunani daga ƙarshen ka dawo baya, don labarin ya isa wurin da ƙafarsa, ba a liƙa masa jimlar da ƙarfi ba. Kuma ina roƙo a daina rufe labari da cewa ashe mafarki ne. Mai karatu ya ba ka lokacinsa, kada ka ce masa duk abin da ya bi bai faru ba.

Zan iya sa kalmar Hausa a cikin labarin Turanci?

Za ki iya, in abin ba shi da suna a Turanci, kamar tuwo ko fura ko kunun kanwa. Ki sa ta cikin alamar zance ko ki ja mata layi, ki kuma gina jimlar yadda wanda ba Bahaushe ba zai gane abinci ne ko tufa. Biyu ko uku sun isa. Mai duba takardarki yana iya kasancewa daga kowane sashe na ƙasar nan.

Me ya sa kullum nake faɗuwa a taƙaitawa alhali amsar tana cikin nassin, wato rubutun da aka ba mu mu karanta?

Saboda kana ɗauko ta yadda take. Wannan sashe yana gwada ko za ka iya faɗin maganar wani da bakinka, a gajarce. Galibi jimla shida ake nema, kowacce maki biyar. Wanda ya kwafo layi sukutum daga nassin ba ya samun komai a kansa. Wanda ya rubuta guntuwar magana ba cikakkiyar jimla ba, ko ya cusa misalai da ƙarin bayanin da ba a nema ba, ana rage masa. Karanta tambayar kafin nassin, nemo batun kowane sakin layi, rufe littafin, ka faɗa wa kanka da Hausa abin da marubucin yake nufi, sannan ka rubuta shi da Turancinka mai sauƙi. Gwaji mai kyau a gida shi ne ka saurari labaran rediyo, ka rubuta kowane labari a jimla ɗaya.

Auna fahimta fa?

Amsa gajeriya, daidai da abin da aka tambaya. In an ce ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata, ka gwada ta a cikin jimlar ka ji ko ta zauna, kuma ta zo a siffa ɗaya da ta asali: jam'i da jam'i, lokacin da ya wuce da lokacin da ya wuce. Kada ka jera amsa biyu kana fatan ɗaya ta dace.

Yaya zan shirya wa takardar furuci alhali ba a magana a cikinta?

A Najeriya a rubuce ake yin ta, amma kunne take gwadawa. Turanci yana da sautuka wajen 44, 20 daga ciki wasula ne, mu kuwa wasulanmu biyar ne masu tsawo da gajarta, sai tagwaye. Ga “p” da “f” da suke haɗe mana, ga sautin “th”, ga baƙaƙe biyu ko uku a jere waɗanda harshenmu yake so ya raba da wasali. Aikin aji na karatu a bayyane shi ne maganin wannan, don haka in malam ya ce wa zai karanta, ɗaga hannu ko za a yi dariya. A gida kuma ka saurari Turanci na minti goma kullum, ka duba alamomin furuci da ke gaban kowace kalma a ƙamus.

Malam ya dawo mini da littafi duk jan biro. Me zan yi da shi?

Ka yi murna an karanta maka, sannan ka zauna ka yi gyara. A ganina wannan ne aiki mafi muhimmanci a duk darasin Turanci, kuma shi ne aka fi watsarwa. Ɗalibi yakan duba makin, ya rufe littafi, mako mai zuwa ya sake kurakuran nan dai. Gyara ba wai sake rubuta kalmar da aka zagaye sau biyar ba ne kawai. Ka sake rubuta insha'in gaba ɗaya, ka gyara abin da aka nuna, ka faɗaɗa dalilin da malam ya ce bai ƙoshi ba, ka mayar masa. Insha'i ɗaya da aka rubuta sau biyu ya fi guda huɗu da aka rubuta aka jefar. In akwai alamar da ba ka gane ba, bi malam ofis ka ce, “Malam, don Allah me wannan yake nufi?” Ban san malamin kirki da zai ƙi amsa wannan ba.

Mu kuwa malaminmu ba ya duba aikin, sai dai ya sa hannu.

Wannan koke ne na gaskiya. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, amma akwai makarantun gwamnati da aji ɗaya ya ninka haka, malami ɗaya kuma yana riƙe da azuzuwa da yawa. Mai ɗalibai 300, in zai ba kowane insha'i minti biyar, awa 25 ke nan a kan jinga ɗaya. Ban faɗi haka don in wanke wanda ya yi sakaci ba, hakkin ɗalibi ne a duba masa aiki. Amma kafin a gyara wannan, kada ku zauna jira. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku yi musayar littattafai, kowa ya duba na wani da abubuwa huɗun da na lissafa a sama. Karanta aikinka a bayyane ma yana tona kurakurai da yawa. Sannan ka zaɓi sakin layi ɗaya ka kai wa malam, ka roƙe shi ya duba wannan kaɗai. Abin da ba zai iya yi wa shafi biyu ba zai yi wa layi takwas. Iyaye kuma su ɗaga maganar a taron iyaye da malamai.

Malam, ni ban yi boko ba. Ta yaya zan taimaki 'yata da aikin Turanci?

Hajiya, taimakonki ya fi yadda kike zato. Abu na farko lokaci ne. Yarinya takan dawo daga makaranta ta wuce Islamiyya, ta dawo ta tarar da wanke-wanke da girki da rainon ƙanne, sai bayan isha'i ta buɗe littafi ido na rufewa, yayyenta maza kuwa tun la'asar suka sami sarari. In kika ware mata awa ɗaya da ba a aikenta, da fitila mai haske, kin yi abin da malamin lesin ba zai yi ba.

Na biyu, ki ce ta ba ki labarin abin da ta rubuta da Hausa. In ta kasa, ba ita ta rubuta ba, ko ba ta gane ba. In ta ba ki, ke da kika san zance za ki ji inda ya yi rauni, ki ce mata, “To daga nan sai me ya faru?” ko “Wannan dalilin bai gamsar da ni ba.” Ki buɗe littafin ki ga ko akwai jan biro da kwanan wata, wannan ba ya buƙatar Turanci. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a sa yayanta ya rubuta mata don tausayi.

Karanta littattafan Hausa yana ɓata Turanci?

Ba ya ɓatawa. Mai karatu da kowane harshe yana koyon yadda ake gina labari, da jan hankali, da zancen taurari. Ƙagaggun labaran Hausa na boko ma da gasar rubutu suka fara, wadda Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, kuma a 2016 BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata. Sai dai kalmomin Turanci da tsarin jimlarsa ba sa shiga kai sai ta karatun Turanci. Saboda haka a haɗa biyun. Ɗan ajin kimiyya da ba ya ɗaukar darasin adabin Turanci ya ari littattafan 'yan ajin adabi ya karanta, ko shafi biyar a rana, ko tsohuwar jarida ce ya samu.

In an ba mu aikin rukuni, mutum ɗaya ne yake yi sauran su sa suna. Ya za a yi?

Ku raba tun ranar farko, a rubuce: wane zai kawo dalilai, wane zai rubuta, wane zai duba kurakurai, wane zai gabatar a gaban aji. A aiki na gaba ku juya. Wanda ya fi iyawa ya daure ya bar mai rauni ya riƙe biro, shi ya zauna kusa da shi.

Na shiga SS3 kuma ina ganin an bar ni a baya. Akwai sauran lokaci?

Akwai, in ka fara yanzu. WAEC takan fara ne wajen watan Mayu, NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli, don haka daga farkon shekarar karatu kana da watanni bakwai zuwa takwas. Nemi tambayoyin shekarun baya, ana sayar da su a haɗe a shagunan littattafai. Kowane mako ka rubuta insha'i ɗaya ka sa agogo minti 50, ka yi taƙaitawa ɗaya, ka nemi wanda zai duba, ka sake rubutawa. Fara da wasiƙa, domin makin tsarinta yana hannunka tun kafin ka shiga zance. Rubuta jimloli gajeru waɗanda ka tabbata da su, ka bar manyan kalmomin da ba ka san zamansu ba. Ka daina taƙaice kalmomi irin na saƙon waya ko a littafin aji, don hannu yana sabawa. Kuma a kowane gwaji ka bar minti biyar na ƙarshe domin bin aikinka layi-layi, kana neman babban baƙi a farkon jimla, aya a ƙarshenta, da lokacin aikatau.